Jar Mota da Gorar Kawu

Ni ba matsoraciya ba ce, kowa a gidanmu zai shaide ni. Shekara ashirin da 'yan kai na yi a Jamus ina jinyar tsofaffi, na ga mutuwa iri-iri, na rufe wa mutane ido da hannuna ban yi ko gezau ba. Amma har yau in na tuna gangaren Nakpanduri, ƙafata ta dama takan motsa da kanta tana neman birki, ko da a kan sallaya nake zaune. A wannan gangaren na kusa kashe uwata, kuma a cikin motar da na sha wahalar kawowa don in burge ta.

Motar ta wani tsohon Bature ce da na yi wa jinya shekara shida. Ja ce, kujera biyu kacal, gajeriya har kana iya ɗora mata gwiwar hannu a kan rufi, kuma ta girme ni. Injinta a baya yake, gaba kuwa wurin kaya ne da safayar taya. Ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa ko ɗigo, iska ce take sanyaya ta. Da tsohon ya daina gani sosai, ni ya mayar direbansa. Duk Lahadi sai na fito da shi mun hau tsaunukan garinsu, yana gefe yana yi mini faɗa kamar shi ya haife ni. Abin da ya fi nanatawa shi ne, in za a gangara dutse, da giya ake gangarawa, birki na tsayawa ne kawai. Na ji wannan magana har ta gundure ni. Da ya rasu, 'yarsa ta ce ba ta da wurin ajiye tsohon ƙarfe, in ina so in ɗauka. Na ɗauka.

A shekarar ne Mma, mahaifiyata, ta gaya mini a waya cewa ta daina tsince shinkafa, don ba ta bambance ta da tsakuwa. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu. Tana Yendi wurin ƙanena, kuma an ce a asibitin ido na Bawku ake cire irin wannan yanar. Nan take na yanke shawarar tattara nawa-ya-nawa in dawo gida gaba ɗaya. Na kuma yi wa kaina alkawari, wanda ba wanda ya roƙe ni, cewa a cikin jar motar nan zan kai ta Bawku da hannuna, in an buɗe mata ido ta ga abin da 'yarta ta zo da shi. Girman kai ne, ba na musu.

Tun daga tashar jiragen ruwa ta Tema tsoro ya fara bi na. Mako uku ina sintiri, ejan ɗina mai fito da kaya kullum yana ce mini gobe. Yau a ce motar ta tsufa da yawa sai an yi mata wani lissafi daban, gobe a ce takardar da ke nuna na daɗe da mallakarta ba ta da hatimi. Kullum na kwanta sai in ga kamar an yi gwanjonta. Ranar da aka buɗe kwantenar da motar take ciki, wani ɗan kwastan ya ɗaga murfin gaba don ya duba lambar inji, ya tarar da taya da akwatin takalmana. Ya dube ni cikin tausayi ya ce an sace mini inji a teku. Sai da na zagaya na buɗe masa baya, aka yi ta dariya har da masu dako. Ni ma na yi dariyar, har na ji kaina ya ƙara girma. A cikin wannan dariyar ne na hangi wani ɗan danshi a ƙasan kwantenar, daidai inda tayar gaba ta tsaya, bai fi tafin hannu ba. Na ce a raina gumin teku ne, na wuce.

A bayan babbar mota aka ɗauko ta zuwa arewa, don ban yarda in sa ta a wannan doguwar hanya ba. Muka tsallake ruwa a Yeji a kan jirgin fito, ina riƙe da igiyar da aka ɗaure ta har tafin hannuna ya yi ja, sai ka ce ni zan hana ta faɗawa. Daga can muka nufi Salaga, garin da aka haife ni.

Dole ne a fara da Salaga. A zuriyarmu, tun zamanin da kakanmu yake fataucin goro da lori, duk abin hawan da ya shigo hannun wani namu, a ƙofar gidan malamin gida yake fara kwana. A zamanina Kawu ne malamin, yayan Mma, ya haura tamanin amma idonsa garau. Yakan yi rubutu a allo, ya wanke a gora, sannan ya buɗe lagireto da hannunsa ya zuba, don ruwan ya riƙa zagaya cikin motar duk inda ta nufa. Lorin kakanmu ya sha, motocin 'yan'uwana duk sun sha, kuma kowa zai gaya maka ba a taɓa ɗauko gawar wani namu daga hanya ba.

Jama'ar zango, wato unguwarmu, suka cika ƙofar gida ana kallon motar boga, haka suke kiran duk wanda ya dawo daga Turai. Na durƙusa na gaida Kawu, na kuma yi masa bayani cikin ladabi cewa wannan motar ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, ya yayyafa mata a jiki kawai ya wadatar. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce shi dai tun da ya zo duniya bai taɓa ganin abin da ke tafiya ba ya shan ruwa ba, ko raƙumi yana sha in ya samu. Aka yi dariya. Kafin in ƙara magana matan gida suka janye ni ciki, ga sakwara da miyar kuɓewa an ajiye, ga gaishe-gaishen shekara ashirin. Na bar masa makulli.

Da na fito, na tarar yana rufe murfin gaba, yana goge hannu da gefen rawaninsa, gorar tana ƙasa ba komai a ciki. Fuskarsa cike da jin daɗi. Tayoyin duk a jiƙe suke, sai na ɗauka shawarata ya bi. Ban tambaya ba. A gidanmu ba a tambayar Kawu me ya yi, amin kawai ake cewa.

Abin da ya faru, wanda ban sani ba sai bayan kwanaki, shi ne Kawu ya yi ta lalube a gaban motar har ya samu wata 'yar farar roba mai murfi a lungu, kusa da safayar taya. Ya buɗe ya ga abin da ke ciki ya kusa ƙafewa. Ya ce to, ga bakinta nan, ga shi ma ƙishirwa take ji. Ya cika ta fal da rubutu, sauran ya yayyafa wa tayoyi. Robar man birki ce. Man da ya ragu kuwa shi ne danshin da na gani a Tema na kau da kai.

Washegari na kama hanyar Yendi ta Bimbilla ni kaɗai. Tafiyar da babur yake yi cikin sa'o'i kaɗan, ni yini guda na yi. Cikin motar yana dab da ƙasa, kowane rami sai na tsaya na yi masa kallon tsanaki kafin in ratsa ta gefe, duk da haka ina jin ƙarfe yana gurzar dutse. Wajen la'asar, kusa da shiga gari, na ji birkin ya ɗan yi laushi. Yana kamawa, amma sai ƙafata ta yi nisa fiye da yadda na saba. Ga Yendi kuwa babura ta ko'ina, mace da goyo da buhun masara duk a kan guda ɗaya, suna ratsa gabana suna waiwayen motar. Na isa gidan ƙanena rigata jiƙe sharkaf.

Mma ta fito ana riƙe da hannunta. Ta rame, idanun nan sun yi fari-fari, sai da ta shafa fuskata kafin ta yarda ni ce. Ta ce na yi ƙiba irin ta marasa aikin yi. Daga nan ta ce a kai ta wurin motar. Ta bi ta da tafin hannu tun daga gaba har baya, ta ce wannan ai ba ta gama girma ba aka tsinko ta. Ta tambaye ni ko kawuna ya yi aikinsa, na ce ya yi. Ta ce to shi ke nan.

Ƙanena ɗan kasuwa ne, mai lissafin komai. Ya ja ni gefe ya ce, Yaya, ki rufa mana asiri ki sa Mma a bas, ko kuma in dole sai wannan motar, ki zagaya ta Tamale da Bolga inda hanya take shimfiɗe. Ya ce hanyar Gushegu ta fi kusa amma akwai gangaren Nakpanduri, inda manyan motoci suke faɗawa. Na ce masa na gangara duwatsun da in ya gan su sai hularsa ta faɗi. Ya ce bakin rijiya dai ba wurin wasan makaho ba ne. Na ce ya iya bakinsa, wa yake kira makaho a gidan nan. Muka rabu ba daɗi.

Amma maganar laushin birkin ta tsaya mini a wuya. Kwana uku muka yi a Yendi muna jiran ranar da likita ya ba mu, kuma a rana ta biyu na kai motar wurin wani fita, wato makanike, a bayan kasuwa. Da safe ne, motar a sanyaye. Ya shiga ya taka birkin ya ji shi tauri, ya buɗe 'yar robar ya ga ta cika har baki, ya ce lafiyarta ƙalau, zafin hanya ne kawai. Na so in ce masa ai ni ban tuna na cika ta ba. Amma mutane sun kewaye mu ana ɗaukar hoto, ban so a ga boga ba ta san motarta ba. Na koma gida, tsoron yana nan a ƙirjina bai tafi ba.

Ranar tafiya muka karya da koko da ƙosai muka fita. Sai da mutum biyu suka taimaka aka zaunar da Mma, don kujerar kusan a ƙasa take. Ta rungume jakarta a cinya, ta ƙi a sa mata a gaba. Ba mu yi nisa ba ta fara ƙorafi. Injin yana bayan kunnenta, duk lokacin da na sa ƙaramar giya sai ya yi gurnani, ta ce kanta zai tsage, wannan wace irin mota ce mai faɗa da mutane. Don in faranta mata sai na riƙa barin ta a babbar giya, inda take tafiya shiru. Muka wuce Gushegu, muka wuce ƙauyuka da gonakin dawa da suka fara nuna, tana ta ba ni labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu tun tafiyata.

Rana tana tsaka muka iso Nakpanduri. Daga bakin tudun, ƙasa takan buɗe a gabanka gaba ɗaya, kana hango filin da ke can ƙasa har inda ido ya ƙare, bishiyoyi sun zama ƙanana. Hanyar tana sauka ne tana lanƙwasa, dutse a hagu, wato gefena, rami a dama, gefen Mma. Hannuna ya kai kan giya zai sauke ta, yadda tsohon ya koya mini. Sai Mma ta ce yawwa, yanzu ne motar ta yi hankali, kada in sake ta da ita. Na janye hannuna. Na bar ta a giya ta huɗu, na ɗora ƙafa a birki, muka fara gangarawa.

Kwana ta farko lafiya. Ta biyu na ji ƙafata ta yi nisa. Na ji wani wari kamar an bar tukunya a wuta ba ruwa. Muna dosar ta uku na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta, kamar na taka lagwani.

Ban yi ihu ba. Ban san dalili ba, wataƙila muryar ce ta ƙi fita. Na ɗaga ƙafa na sake takawa, na sake, na sake, ba komai. Motar ta fara ƙara gudu a hankali, irin gudun da ba kai ka sa shi ba. Na dubi dama, ban ga gefen hanya ba, sai sarari da kan bishiyoyi a ƙasa, ga kafaɗar Mma a jingine da ƙofar da ba ta fi kaurin faranti ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne, matar nan ta yi shekara ashirin tana jirana, na zo na ɗauko ta daga ɗakinta inda take zaune lafiya, zan jefa ta rami ba ta ko ga fuskata ba.

Ita kuwa labarin albasa take yi. Wai in mun isa Bawku, kafin a taɓa mata ido sai mun sayi albasa, don ta Bawku ba ta ruɓewa, ba kamar wadda matar ƙanena take kwasowa ba, mai ruwa-ruwa. Wai a zamaninsu buhu guda yakan kai su har wata damina.

Muka sha kwana ta uku tayoyi suna kuka. Na taka kuloci na tura giya ta uku, injin ya yi wata ƙara a bayanmu, motar ta ɗan ja baya kaɗan. Bai isa ba. Na hango kwana ta gaba, ta fi duk sauran tsanani, kuma can ƙasa da ita ga wata babbar mota tana hawowa da ƙyar, hayaƙi baƙi yana bin ta. Na nemi giya ta biyu, ta ƙi shiga, ta yi ƙarar ƙarfe da ƙarfe har cikin haƙorana. Na ce a raina, ya Allah, ba don halina ba. Na ƙara wuta kaɗan yadda tsohon yake yi, abin da hankali ba zai ɗauka ba ga mai neman tsayawa, na sake turawa. Ta shiga. Injin ya kurma ihun da ban taɓa jin irinsa ba, kanmu ya yi gaba.

Mma ta ɗaga murya sama da ta injin, ta ci gaba. Wai a zaɓi masu ƙaramin wuya, a matsa a ji tauri, kada a yarda da wadda aka jiƙa don ta yi nauyi.

Na kama birkin hannu na riƙa ja a hankali, ina saki, ina ja, don in na fizge shi gaba ɗaya bayan motar zai juya ya kai mu inda nake gudu. Gudun ya ragu, amma na san ba za mu sha kwanar nan ba. Saura abu ɗaya. Na karya sitiyari hagu, na tsallaka hannun masu hawowa, na manna gefena da jikin dutsen. Madubi ya fara tashi. Daga nan ƙofata ta shiga gurzar dutse, ƙasa da tsakuwa suna zubo mini ta taga, ƙarfen yana kururuwa a kunnena, ina jin zafinsa a cinyata. Na ƙara dannawa. Jan fentin da tsohon ya yi shekaru yana gogewa da auduga, ni ce na riƙa murza shi a dutse da dukkan ƙarfina, ina roƙon ya ƙara kamawa.

Muka tsaya. Babbar motar ta tsaya ita ma, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma uku ba, direban ya leƙo da baki buɗe. Na kashe inji. Hannayena suka ƙi sakin sitiyari, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Mma ta yi shiru a karon farko tun Yendi, sannan ta tambaya ko mun iso ne.

Na ce, “A'a, Mma. Motar ce ta gaji, za ta ɗan huta.”

Ta ce ai dole ta gaji, da wannan ihun da take yi.

Direban da mutanensa suka sa duwatsu a tayoyi, suka fito da Mma ta ƙofarta, ni kuma na biyo ta nan don tawa ta manne. Suka haura sama da mu, suka ɗaura mana igiya a bayan motarsu suka sassauto da mu a hankali har ƙasan tudun, su suna ja da baya. Allah ya saka wa mutumin nan, ko sunansa ban tambaya ba. Muka zauna a gindin wata kaɗanya fiye da sa'a guda. Da na koma na taka birkin, sai na ji ya dawo, tauri kamar ba abin da ya faru. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da ɓacewarsa, don abin da ya tafi ba sallama ya dawo ba sallama zai iya sake tafiya. Daga nan har Garu, har Bawku, a giya ta biyu na tafi, hannuna a kan birkin hannu, amalanken jaki ma sai da ya wuce mu. Injin yana ta gurnani, Mma ba ta ƙara cewa kanta yana ciwo ba.

Aka karɓe ta a asibiti, aka ce washegari za a yi aikin ido ɗaya. Da gari ya waye, ni kuma na kai motar wurin wani dattijon fita a zango. Na ba shi labari, ya saurara bai katse ni ba. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance wani ɗan noti a bayan taya, ya tara kwalba. Abin da ya fito ba ruwan zuma ba ne irin na man birki, wani abu ne toka-toka, tsararo. Ya ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi, ya yi cuu ya tashi. Ya ce ruwa ne, Hajiya. In birki ya yi zafi ruwan yakan tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tare ƙafa, in ya huce ya koma ruwa sai a ga kamar lafiya. Ya ɗaga kwalbar a rana yana kallon baƙi-baƙin da ya kwanta a ƙasa, ya shinshina. Ya fara murmushi, sai kuma murmushin ya ɗauke. Ya tambaye ni a hankali ko akwai malami a gidanmu.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na ga Kawu yana goge hannu da rawani, na ga gorar a ƙasa. Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na ciro waya na kira Salaga, na shirya maganganun da ban taɓa gaya wa babba ba. Yana ɗauka, kafin in buɗe baki, na ji muryarsa tana rawa. Labari ya riga ya kai masa ta wurin ƙanena, wanda na kira a daren da muka iso. Ya ce tun jiya bai iya cin abinci ba, yana ta tunanin da bai dage ya nemo bakin motar nan ba, da yanzu ya rasa ƙanwarsa da 'yarsa rana ɗaya. Dattijon da ya haura tamanin yana kuka a kunnena yana gode wa Allah. Na ce amin, Kawu. Na kashe wayar.

Fitan ya wanke hanyoyin birkin kaf, ya canza robar da ke yoyo, ya zuba sabon mai, ya buga ƙofata ta koma tana buɗewa. Fentin kam ya ce sai dai haƙuri.

Ranar da aka cire wa Mma bandeji, ni ta fara gani. Ta daɗe tana kallona, ta ce ashe na yi furfura ban gaya mata ba. Da aka sallame mu, na kawo motar bakin ƙofar asibitin, na tsayar da ita ta gefen da yake da kyau. Mma ba ta tsaya nan ba, ta zagaya da kanta, ba mai riƙe da ita, har ta isa gefena. Tun daga fitilar gaba har tayar baya babu ja, sai farin ƙarfe a kwarzane. Ta sa yatsa ta bi layin a hankali.

Na fara kame-kame, wai wani dutse ne muka ɗan goga. Ta ce in rufe mata baki.

“Makanta na yi, ba kurumta ba,” in ji ta. “Ina jin ƙafarki tana daka a ƙasa kamar mai kirɓa sakwara. Na ce in na yi shiru za ki ji tsorona ya ƙaru a kan naki. Albasa ce kawai ta zo mini baki.”

Na juya baya don kada ta ga idona da sabon idonta. Ina cikin share fuska na ji tana buɗe jakar nan da ta rungume tun daga Yendi. Ta ciro gora, irin waccan sak, cike da baƙin ruwa. Ta ce gora biyu kawuna ya yi, ya aiko mata da ɗaya ta ajiye saboda komawa. Tunda ta farko ta fisshe mu, in buɗe gaban motar ta zuba wannan da hannunta, yanzu da take gani.

Gabana ya faɗi kamar muna kan tudun. Na miƙa hannu na karɓi gorar. Na ce mata motar ta sha nata, wannan ni zan sha, tunda ni ce mai tuƙi. Na buɗe na yi bisimilla na kafa kai, yana ɗacin tawada da ƙanshin allo, ban sauke ba sai da na ga ƙasanta.

Mma ta dube ni, ta dubi gorar, ta dubi farin ƙarfen da ke gefen motar.

“Ta farkon ce ta jawo?” ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Na gyaɗa kai.

Ta karɓi gorar daga hannuna ta rufe, ta mayar cikin jaka, ta ja zif. Ta buɗe ƙofar motar da kanta ta zauna, ta gyara mayafi. Ta ce mu bi ta Bolga, kuma in bar injin ya yi ihunsa yadda yake so. Sai da na zauna na sa makulli, sannan ta ɗora hannunta a kan nawa.

“Kada kawunki ya ji,” in ji ta. “Har ya koma ga Allah, kada ya ji.”

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, yana ba duk baƙon da ya zo labarin motar da ba ta shan ruwa da yadda ya samo bakinta. Sau da yawa ina zaune a wurin. Nakan ce amin.